Turmin da Aka Mayar Dutsen Shuni

Ranar da turmi ya yi magana a gidan Tunau masassaƙi, ba wanda ya fi Tunau ɗin sanin dalili, ko da yake da farko ya so ya yi kamar bai sani ba.

Garinsu, Kwarin Bauna, yana gindin Dutsen Shuni ne. Daga nesa dutsen shuɗi yake kamar ƙyallen da ya fito daga marina, kuma tun daga ƙafarsa har ƙololuwarsa kurmi ne ya lulluɓe shi. Babu hanyar da ta hau shi. Ko ta maharba, tana kaiwa bakin wata busasshiyar ƙorama take tsayawa. Masassaƙan garin suna saran itace a gindin dutsen, amma da ƙa'ida. In mutum ya ga icen da yake so, sai ya yi masa sallama, ya jingina gatarinsa a jikinsa, ya koma gefe ya zauna har inuwa ta gusa taki ɗaya. In ya dawo ya tarar da gatarin a tsaye, icen ya yarda ke nan. In ya tarar ya faɗi, sai ya ɗauki abinsa ya nemi wani.

To, matsalar Tunau ita ce zaman. Allah ya ba shi hannu, don duk ƙasar ba mai sassaƙa turmi ko akushi kamarsa, amma bai ba shi haƙurin zama wuri ɗaya ba. Ko tuwo yake ci ƙafarsa rawa take. A masallaci, liman na sallamewa takalminsa na hannu. Da turmin matarsa Gaje ya tsage, sai ya je gindin dutse ya ga wata tsohuwar ƙirya miƙaƙƙiya, irin wadda masassaƙi ke mafarki. Ya yi sallama, ya jingina gatari, ya ga yana neman zamewa. Maimakon ya bar shi, sai ya waiga dama da hagu, ya ɗauko dutse ya tokare ƙotar. Ya ɗan tsuguna kamar mai jira, ya miƙe, ya sare ta.

Turmin da ya fito a cikinta ya yi kyau, wannan kam ba musu. Gaje ta fara daka a cikinsa a farkon bazara, lokacin da iska ta fara ɗumi, itatuwa suka gama zubar da ganye suna shirin toho. Rana ta farko ta ce yatsun ƙafarta sun yi nauyi. Ta biyu ta ce idon sawunta ya ƙi lanƙwasuwa. Da safiyar ta uku, tana tsakar gida tana surfe, sai ta kira shi.

"Malam, zo ka ga abin da ya sami ƙafata."

Ya zo ya duƙa. Daga idon sawu zuwa ƙasa babu fata, sai ɓawo baƙi mai tsage-tsage, kuma yatsun sun nitse cikin ƙasa. Ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, ya ji ƙarar da ya fi kowa sani.

Daga cikin turmin wata murya ta fito, mai kauri, irin ta tsofaffi.

"Ɗan Adam, ka gane icen?"

Tunau ya ce bai san abin da ake nufi ba.

"Ka sani. Ni ne Sarkin Ƙofar Dutsen Shuni. Shekara ɗari uku ina tsaye a gindinsa. Ka tambaye ni, na ce a'a, ka toshe mini baki da dutse."

Gaje ta dubi mijinta, shi kuwa ya dubi ƙasa. Can ya ce, "Baba, ni na yi laifi. Ita me ta yi?"

"Ba ta yi komai ba, kuma ba ni na kama ta ba. Bazara ta shigo, ruwan jikina ya tashi yana neman wurin hawa. Ba ni da saiwa, ba ni da reshe. Sai ya bi taɓarya ya shiga hannun da ke riƙe da ita, ya gangara ƙasa ya fara gini. Yau ce ranar toho a kan dutse. In rana ta faɗi ruwan bai dawo jikina ba, matarka za ta fitar da ganye, kuma daga nan ba komowa. Ka ɗauke ni ka kai ni ƙololuwa wurin Sarkin Kurmi. Can ne kaɗai dangina za su taru su jawo shi. Ka bar gatari a gida."

Tunau ya naɗa gammo, ya rataya gorar ruwa, ya kira yayarsa Tasalla ta zauna da Gaje. Ya ajiye gatarin kamar yadda aka ce. Amma gizagonsa, ɗan ƙaramin ƙarfen da yake fafe ciki da shi, yana soke a bayan ƙugunsa inda yake kullum, bai ko tuna da shi ba. Ya ciccibi turmin ya aza a ka, ya tsaya yana duban Gaje.

Ta yi murmushi, idonta cike da hawaye. "Ka tafi, Malam. Ni dai ka san inda za ka same ni."

Kafin hantsi ya kai ƙarshen hanyar maharba. Ƙetaren ƙoramar, sarƙaƙiya ce ta tare gaba, ta kai tsayin soro, ba ko kafar da zomo zai bi. Turmin ya yi gyaran murya ya ce, "Ku masu ƙaya, ku buɗe wa Sarkin Ƙofa. Ya dawo a kan abokin gabarsa." Sai rassan suka yi ƙara suka ja baya, suka bar wata 'yar kafa. Tunau ya kutsa a karkace. Ƙayoyin ba su taɓa turmin ba, amma shi kowace sai da ta ɗanɗana shi, ya fita rigarsa ta zama tsumma.

Da ya waiga, kafar ta rufe. Gaba itatuwa ne tsirara, ba ganye, kowane kamar ɗan'uwansa, ƙasa kuma ta fara tashi. Nan tunanin dawowa ya faɗo masa. Duk masassaƙin da ya shiga dajin da bai sani ba, yakan riƙa ɗan ɓantarar ɓawon itace yana tafiya, don farin saran ya nuna masa hanya in zai komo. Haka ubansa ya koya masa, haka kowa ke yi, ba wanda ke lissafa wannan a cikin sara. Hannunsa ya kai baya ya ji gizago. Ya ce a ransa, ai wannan shaida ce kawai. Turmin kuwa bakinsa na kallon sama, bai ga abin da ake yi a ƙarƙashinsa ba. Tunau ya ɓantari ice na farko ya wuce, bayan taki arba'in ya ɓantari na biyu.

"Ɓawon ya kai ƙwaurin matarka," in ji turmin.

Tunau ya ƙara sauri.

Suka faɗa wani kwazazzabo wanda busasshen ganyen bara ya cika shi, ba a ganin ƙasa ko kaɗan. A bakinsa wata tsohuwa ce 'yar guntuwa ke shara. Gashinta farin gansakuka ne, tsintsiyarta ta fi ta tsawo, kuma duk inda ta share sai dutse ya bayyana.

"Sannu da aiki, Iya," in ji Tunau. "A ba ni hanya, sauri nake."

Ba ta ɗago ba. "Ni ce Mai Sharar Shekara. Kowace bazara nakan kwashe ganyen da ya mutu don sabo ya sami wuri. Ƙasa tana inda tsintsiyata ta taɓa ne kawai. Ka biyo bayana, ɗan Adam, kada ka wuce ni."

Ya bi ta. Ta share taki ɗaya, ta tsaya ta gyara ɗaurin tsintsiya. Ta share wani, ta tsaya ta yi tari. Turmin ya danne masa wuya, gumi na shiga idonsa, rana na ta hawa. Ya ce ko ta ba shi tsintsiyar ya taya ta, ta ci gaba da shararta. Ya ce ko akwai wata hanya ta gefe, ta sake share taki ɗaya. Da ya ga ƙetaren saura taki goma, sai haƙurinsa ya ƙare, ya zagaye ta ya taka ganyen.

Nan take ya nitse har ƙirji. Ƙarƙashin ƙafarsa ba komai, sai wani sanyi da ke jan sa ƙasa, ganyen na ta raɗa a kunnensa da muryoyi masu yawa. Ya riƙe turmin da hannu biyu ya ɗaga sama, don ya san in turmin ya tafi, Gaje ta tafi. Tsohuwar ta ƙaraso a hankali, a takinta na da, ta miƙo masa kan tsintsiya ta fizge shi waje kamar an zare ƙaya.

"Ga shi nan mun iso tare," ta ce. "Da ka jira da ba ka jira ba, lokacin ɗaya ne. Bambancin kawai takalminka ya tafi."

Haka kuwa aka yi, ya fito ba takalmi. Ya yi mata godiya cikin kunya, ya ci gaba da hawa a ƙafa. Kuma don Allah ku dubi halin mutum: yana fita daga kwazazzabon, ice na farko da ya tarar sai da ya ɓantare shi.

Daga nan hawan ya yi tsanani. Wani wuri da gwiwa yake hawa, hannu ɗaya riƙe da turmi, ɗaya na kamun saiwa. Tsakuwa ta yayyanke masa tafin ƙafa. Sau biyu ya bi wani gefe da ya yi kama da hanya, ya tarar da bakin rami, ya juyo. Ba tsuntsu, ba ƙwaro, sai ƙamshin ɗanyen ice da ke tashi ta ko'ina. A kan rassan, 'yan ƙananan ƙullutu sun kumbura, jajaye, suna jira.

"Ya wuce gwiwa," in ji turmin. "Yayarka na ba ta ruwa."

Rana na tsaka suka iso gindin wani bangon dutse miƙaƙƙe, wanda ko kadangare sai ya yi shawara kafin ya hau. Saiwoyin wani gamji sun zubo daga sama har ƙasa kamar igiyoyin guga. A gindinsu gwaggon biri ne zaune, fari fat don tsufa, da sanda a hannu, mutanensa sun jeru a bayansa.

"Sarkin Ƙofa, barka da dawowa," in ji birin. "Mun ji abin da ya same ka. Kai kuma mai ɗauke da shi, ka ji dokar wannan tsani. Ba mai hawansa da abin da ya fi dogara da shi. Ka ajiye shi a nan."

Gizagon ya yi wa Tunau nauyi a ƙugu. Ya san shi ake nufi. Amma ya tuna da saukowa, ya tuna sauran kurmin da ke sama, ya ga in ba shaida zai kwana uku yana yawo bai ga Gaje ba. Sai ya cire gorar ruwansa ya ajiye gaban birin.

Birin ya daɗe yana kallon sa. "Ka tabbata?"

"Ranka ya daɗe, a wannan zafin me ya fi ruwa?"

"Kai ka faɗa. Hau."

Ya yage ragowar rigarsa ya goya turmin a baya kamar jariri, ya yi bismilla ya kama saiwa. Ya hau kamar gaba biyar sai saiwoyin suka fara motsi, suna zillewa daga hannunsa kamar ba sa son taɓinsa. Ya kama wannan ta sulluɓe, ya kama waccan ta murɗe. A tsakiyar bangon ƙafarsa ta zame, ya rage yana lilo da hannu ɗaya, turmin na jan sa baya, ƙasa can nesa birai sun zama kamar ƙwayar gero.

"Me ya sa suke gudun ka?" in ji turmin. "Akwai ƙarfe a jikinka?"

"Babu, Baba."

Turmin ya roƙi saiwoyin da sunansa, suka tsaya cik. Tunau ya ƙarasa hawa, ya kwanta a bakin dutsen yana haki, maƙogwaronsa kamar an zuba toka. Ƙaryar da ya yi ta fi ƙishirwar damun sa, amma bai daina ba. Har ya kai sama yana ɓantara.

"Ya kai ƙugu," in ji turmin. Bayan wani lokaci ya ce, "Ya kai ƙirji. Numfashi ya fara yi mata wuya."

Tunau ya daina tafiya ya koma gudu. Ya ratsa cikin wani gajimare mai sanyi da ya kwanta a kan dutsen, bai ga ko tafin hannunsa ba, ya fita ta ɗaya gefen ana la'asar sakaliya.

Abin da ya gani ya sa ya tsaya. Ƙololuwar fili ce mai faɗi, kuma garin itatuwa ne. Suna tafiya a kan saiwoyinsu, suna gaisawa, suna sunkuyar da rassa ga juna. Ga ɗorawa da kaɗanya, ga kanya, ga marke, ga waɗansu da bai taɓa gani ba duk da shekarunsa a daji. A jikin kowane akwai fuska cikin ɓawo. Duk sun taru sun yi da'ira, ba mai ganye ko ɗaya, suna jiran umarni. A tsakiyarsu wani maɗaci ne wanda mutum ashirin ba za su zagaye shi da hannu ba, kansa ya shige sama, shi ne Sarkin Kurmi.

Tunau ya sauke turmin a gabansa, ya faɗi ya yi gaisuwa.

"Sarkin Ƙofa," in ji maɗacin, muryarsa har cikin ƙasa ake jin ta, "mun aike ka da tsawo, ka dawo guntu."

"Ranka ya daɗe, haka Allah ya so. Ban zo ƙara ba. Wata baiwar Allah ce ruwana ya shiga jikinta, ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Wannan mijinta ne. Ya yi laifi, amma ya ɗauko ni tun daga kwari bai yar da ni ba. A taimaka a jawo ruwan."

"Abu mai sauƙi," in ji Sarkin Kurmi. "Ta hannun mutum ruwan ya fita, ta hannun mutum zai dawo. Ɗan Adam, sa hannunka cikin turmin. Kurmi duka zai ja numfashi sau ɗaya, kafin ka ƙifta ido an gama, ba abin da zai taɓa ka."

Tunau ya ji daɗin da bai taɓa ji ba. Ya miƙa hannu ke nan, sai aka ji nishi daga bakin gajimare.

Wani marke ne ya fito yana ɗingishi, da farin sara a ƙwaurinsa, ruwa na tsiyaya. Bayansa wata kaɗanya, ita ma haka. Bayanta wani, da wani, da wani. Suka yi ta fitowa a jere, tun daga na bakin sarƙaƙiya har na kusa da ƙololuwa, kowane da sara iri ɗaya a wuri ɗaya, aikin hannu ɗaya.

"Ka ce babu ƙarfe," in ji turmin a hankali.

Tunau ya zaro gizagon ya ajiye a ƙasa. "Ranka ya daɗe, shaidar hanya ce. Haka muke yi. Na ce in na gama in koma da wuri in gan ta."

"Kun saba yi da rani, lokacin da muke barci," in ji Sarkin Kurmi. "Yau ruwa na gudu a jikin kowa, kai kuma ka bi ka huda mu tun daga ƙasa har sama. Ba fushi nake ba, ɗan Adam, gaya maka nake yadda abin ya zama. Guga mai huji ba ya jawo ruwa da ja ɗaya. Yanzu sai a hankali, ɗigo-ɗigo, kuma ruwan da ya daɗe a jikin mutum yakan yi gini a wurin. Zai fita daga matarka, amma zai bar shaida a hannunka, ban san iyakar inda zai tsaya ba. In ka zare hannun kafin a gama, ko ka motsa shi, duka zai koma mata a lokaci ɗaya. Ga rana can, saura kamu uku ta faɗi. Ka zaɓa."

Tunau ya dubi hannunsa na dama. Da shi yake ci, da shi aka san shi. Ya tambayi turmin, "Ina ya kai?"

"Kafaɗa. Hannuwanta sun sandare. Tana kiran ka, amma muryar ba ta fita."

Ya zauna ya tanƙwashe ƙafa, ya zura hannun har ƙasan turmin.

Itatuwan suka ja numfashi, iska ta kwanta. Da farko sanyi ya ji a kan yatsunsa, sannan nauyi. Ɗan yatsa ya tafi, ya ji lokacin da ya daina jin sa. Na kusa da shi ya bi. Ƙafarsa ta fara rawar da ta saba, ya danne ta da hannun hagu. Cinnaku suka hau masa ƙafa suna cizo a wuraren da tsakuwa ta yanka, ya ƙyale su. Gumi ya gangaro ya tsaya a kan hancinsa yana masa ƙaiƙayi, ya ƙyale shi. Duk jikinsa na ce masa ya tashi, ya leƙa, ya taka ko taki ɗaya ne, kamar yadda yake gaya masa tun yana yaro. Tsoro ya kama shi sosai, har ya yi kuka, amma kukan ma a zaune ya yi shi.

"Ya sauka ƙirji," in ji turmin.

Tafin hannu ya tafi. Inuwar maɗacin ta gusa taki ɗaya, ta gusa biyu. Tunau ya dube ta, ya ga ashe iyakar abin da aka nema gare shi a gindin ƙirya ke nan, wannan ɗan zaman.

"Ƙugu."

Wuyan hannu ya tafi. A gefe, saran da ke jikin marken ya fara haɗewa.

"Gwiwa."

Ɓawon ya ci gaba da hawa, ya nufi gwiwar hannu. Rana ta taɓa bakin ƙasa, ta yi ja. Tunau ya rufe ido ya daina duban ta, ya daina duban hannun, ya riƙa tuna yadda Gaje ke jefa taɓarya sama ta tafa sau biyu kafin ta cafe.

"Idon sawu," in ji turmin. Sannan ya ce, "Ta ɗaga ƙafa. Zare hannunka."

Ya buɗe ido. A leɓen turmin wani ɗan reshe ya tsiro da ganye biyu, kuma gindin turmin ya kama ƙasa. Sarkin Kurmi ya ce, "A yi toho." Nan take dutsen duka ya fashe da ganye, ja da ruwan hoda da kore shar, daga ƙololuwa yana gangarawa ƙasa, da wata ƙara mai taushi kamar yayyafi a kan jinka. Tunau ya zaro hannunsa. Daga yatsu har gwiwar hannu ƙirya ce.

Ya kwana a gindin maɗacin, wata kaɗanya ta ba shi raɓa a ganye ya sha. Da gari ya waye ya yi sallama da turmin, ya roƙi gafararsa, turmin ya ce ya yafe. Ya nufi bakin gajimare, sai ya tsaya. Saran duk sun warke, ko tabo babu, kuma sabon ganye ya canza kamannin dajin gaba ɗaya. Bai san gabas ba bai san yamma ba.

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya ɗauki gizagon da hannun hagu, ya je wurin marken da ya fara sara, ya yi masa sallama, ya jingina gizagon a jikinsa, ya koma gefe ya zauna. Da inuwa ta gusa, gizagon ya faɗi, ƙotarsa na nuna wani gangare. Ya bi nan. Da ya sake rikicewa ya sake jinginawa a wani icen, ya sake zama. Haka ya sauko Dutsen Shuni, daga zama sai zama. Ta wata hanya suka bi da shi, bai ga birai ba, bai ga tsohuwa ba. A bakin ƙorama, wurin kututturen ƙiryar, ya ga dutsen da ya tokare gatari da shi. Ya kawar da shi gefe, ya ajiye gizagon a kan kututturen ya bar shi nan.

Duk da abin da turmin ya faɗa, zuciyarsa ba ta kwanta ba. Ya shigo gari da yamma, ba riga ba takalmi, mutane na kallon hannunsa suna ja da baya. Ya kusa ƙofar gidansa sai ya ji daka. Ƙarar ta tsohon turmin nan ce da ya tsage, ya san ta. Taɓarya ta sauka, ta sauka, sannan shiru, sannan tafi biyu, sannan ta sake sauka.

Ya zauna a kan dakalin ƙofar gida yana saurare, bai shiga ba, bai yi sallama ba, don ba ya so a katse. Ta gama surfe, ta yi bakace, ta koma ta yi ribɗi, duk yana nan.

Can Gaje ta fito zubar da dusa wa awaki, tana takawa da ƙafafunta, ta gan shi. Ƙwaryar ta kuɓuce mata. Ta dubi fuskarsa, ta dubi hannun, ta durƙusa ta ɗauke shi da hannu biyu tana shafa ɓawon, hawaye na zuba a kai. Ba ta tambaye shi komai a kan hannun ba, don ta fi kowa sanin yadda ake ji.

"Tun yaushe kake nan, Malam?"

"Tun kina surfe."

"A zaune?"

"A zaune."

Ta yi dariya cikin kuka. Sai ta lura da wani ɗan ganye ja da ya tsiro a kan babban yatsan, bai kai ƙumba ba. Rana na dukan sa, ta jawo gefen mayafinta ta yi masa inuwa, ta zauna kusa da mijinta a kan dakalin.

Tunau bai sake sassaƙa ba. Tsofaffin Kwarin Bauna sun ce kowace shekara hannun kan fitar da ganye ɗaya a farkon bazara, kuma tsagaggen turmin nan Gaje ta ci gaba da daka a cikinsa har ta tsufa, ba ta yarda an sake mata wani ba.